Cikina ya zauna a kan tabon tiyata, akwai wadda allura kaɗai ta raba ta da shi?

Maman Hanifa, Rigasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya zo kaina.

Shekarata 33, ina koyarwa a wata firamare. Haihuwata biyu, duka aiki aka yi min. Ta farko na kwana biyu ina naƙuda kan yarinya bai sauko ba, ta biyu kuma likita ya ce kada ma a jira. Ƙaramin yanzu shekararsa uku, na yaye shi tuntuni. Watan jiya ban ga al'adata ba, na sayi abin gwaji a kemis, layi biyu. Muka yi murna. Ranar Lahadi sai na fara ganin ɗigon jini, ba ciwo, ba komai. Litinin na je wani ƙaramin wurin hoto a unguwarmu, yaron da ke wurin ya goga abin a marata ya ce ciki ya sauko ƙasa, ɓari ne ke tafe, in je a yi min wankin ciki in huta. Allah Ya sa ƙanwar maigidana ta ce ba za a taɓa ni ba sai likitan mata ya gani.

Jiya muka je babban asibiti, aka sake hoton, wannan karon ta ƙasa. Likitar ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, ta fita ta kira wani babba, suka tsaya su biyu. A nan gabana ya faɗi. Suka ce cikin sati 6 ne da kwana 3, zuciya tana bugawa, amma bai zauna a cikin mahaifa inda ya kamata ba, ya maƙale ne daidai kan ɗinkin da aka yi min, kuma naman da ya raba shi da mafitsara bai fi milimita 3 ba. Gwajin jinin da suke ce wa beta hCG, mai auna sinadarin da ciki ke fitarwa, ya nuna 14,200. Suka ce ba su ba ni shawarar a bar shi ba. Ko a yi aiki a cire, ko a gwada allura. Mu je mu yi shawara mu dawo jibi.

Ni gaskiya wuƙa nake tsoro. A aiki na biyu ɗinkin ya yi ruwa, wata biyu ina zaryar wankin ciwo, ko tsintsiya ban iya ɗauka. In na tuna ƙamshin ɗakin nan sai jikina ya mutu. Hajiyarmu, mahaifiyar maigida, ta ce abin da ke da rai ba a taɓa shi, a bar wa Allah. Shi kuma Abban Hanifa ya yi shiru tun jiya, ko abinci bai ci ba.

Don Allah wadda ta taɓa shiga wannan ta gaya min gaskiya. Allurar tana yi? Sau nawa ake yi? Ana sake haihuwa bayanta? Akwai wata hanyar da ba yanka, ban da ita?

Ummu Khalil, Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Ina cikin ɗinkin kayan wata amarya na ga rubutunki, na ajiye keken, don ni an yi min wannan allurar shekara biyu da suka wuce kuma da na sami wadda za ta faɗa min abin da zan faɗa miki da na ji sauƙi.

Nawa sati 7 ne, aiki ɗaya aka taɓa yi min, kuma ba a ga bugun zuciya ba. Da likita ya ce akwai allura, wallahi har hamdala na yi a fili, a zatona irin ta zazzaɓi ce, a soka maka ka tafi gida. Sunanta methotrexate. Suka auna tsawona da nauyina, don da su ake lissafin yawan maganin, suka ɗebi jini suka duba hanta da ƙoda da yawan jini. Washegari nas ta zo da safar hannu biyu-biyu, maganin a sirinji rawaya kamar ruwan ɗorawa, ta yi min a ɗuwawu. Minti biyu an gama. Na ce shi ke nan? Ta ce Hajiya yanzu aka fara.

Gaskiya ta faɗa. Ranar da aka yi allura ita ce rana ta ɗaya. Rana ta 4 ki dawo a ɗebi jini, rana ta 7 ki sake dawowa. Abin da suke nema shi ne lambar gwajin beta hCG ɗin ta sauka da aƙalla kashi 15 cikin 100 tsakanin waɗannan ranaku biyu. Tawa daga 9,000 da 'yan kai sai ta hau sama da 11,000 a rana ta 4. Na zauna a bencin ɗakin gwaji da takardar a hannu ina kuka, wata mai shara ce ta ba ni ruwan leda. Likita ya ce hawan farko ba abin tsoro ba ne, yana faruwa. Amma rana ta 7 saukar ba ta kai yadda suke so ba, aka ƙara min allura ta biyu.

Daga nan duk Talata ina asibiti. Duk Talata. Jijiyoyin hannuna har suka gaji, sai a bayan tafin hannu ake samu. Bakina ya yi ƙuraje, yaji ba ya shiga, kunun gyaɗa da ɗanwake mara barkono na rayu a kai kwana goma. Kasala kuwa ba a magana, in na taka keke minti ashirin sai na kwanta. Kuma duk wannan lokacin jini yana ɗiga, yau ya tsaya, jibi ya dawo.

Abin da ya fi ba ni tsoro a sati na biyar ya zo, lokacin da na saki jiki don lamba ta sauka ƙasa da dubu. Da la'asar ina tsugune ina wanke shinkafa na ji abu ya ɓalle min. Kafin in kai banɗaki zanena ya jiƙe har ƙafa. Maƙwabcinmu mai Napep ne ya kai ni, da yake gidanmu ba nisa. Suka sa min robar fitsari a cikin mahaifa suka hura kanta da ruwa ta danne wurin, aka ƙara min jini leda biyu, na kwana uku. Ba a yanka ni ba, alhamdu lillahi, amma takardar amincewa da aiki har an ba maigida ya sa hannu, an ce in bai tsaya cikin awa ɗaya ba za a shiga da ni.

Sai a sati na goma sha ɗaya lamba ta koma ƙasa da 5. Ko a lokacin hoto yana nuna wani ɗan dunƙule a wurin tabon, sai da ya ƙara wasu watanni kafin ya baje.

Kin tambaya ko tana yi. A kaina ta yi, mahaifata tana nan, kuma yanzu haka ina goyon 'yar wata biyar. Amma in wani ya ce miki ita ce hanya mai sauƙi, bai sha ba ne. Wata da muka haɗu a layin gwaji an yi mata aiki ne, kwananta huɗu aka sallame ta, ina ta zarya ita ta koma kasuwarta. Akwai ranakun da na yi da-na-sani. Ban ce ki zaɓi wuƙa ba, ni ma tsoronta nake, ina dai so ki shiga da idonki a buɗe. Kuma naki da bugun zuciya, lambarki ta fi tawa, ban sani ba ko irin allurata za ta ishe ki.

Hajiya Babba, Kawo

Subhanallahi. 'Yata ki yi haƙuri, amma ni maganar surukarki nake gani. Likitoci ba Allah ba ne. 'Yar maƙwabciyata haka aka ce mata cikinta ya zauna a ƙasa, ta ƙi yarda a taɓa, ga yaron nan yana aji biyu. Ki dage da addu'a, ki riƙa shan zuma da habbatus sauda, ki rage aiki. Yaran yanzu abu kaɗan sai a cire.

Sista Mai Ritaya, Tudun Wada

Hajiya Babba, Allah Ya ƙara girma. Addu'a kam ba mai ja da ita. Sai dai ina roƙon a bambance abu biyu, don kuskuren nan na ga ya ci mata. Ciki ya zauna a ƙasan mahaifa daban, ciki ya nutse a cikin tabon aiki daban. Mai yiwuwa na 'yar maƙwabciyarki na farkon ne.

Maman Hanifa, ƙanwata, shekara 31 na yi ina aikin ungozoma, yawancinsu a ɗakin haihuwa da ɗakin masu matsalar ciki. Ni ba likitarki ba ce, ban ga hotonki ba, saboda haka ki ɗauki maganata a matsayin abin da zai taimake ki yin tambaya gobe.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda aka yanka mahaifa aka ɗinke, wani lokacin ba ya haɗewa sumul, yakan bar ɗan kwarmi ta ciki. In ƙwai ya gangaro ya faɗa kwarmin nan, sai ya kafa saiwa a wurin da babu naman kirki, tabo ne kawai. Mahaifa tana tsayar da jini ne ta hanyar matsewa, shi kuwa tabo ba ya matsewa. Shi ya sa in aka kankare wurin jini ke zuba kamar an buɗe famfo. A 1978 aka fara rubuta labarin irin wannan ciki a littattafan likitoci, a da abin mamaki ne, yanzu da aikin haihuwa ya yawaita ana ƙiyasta kusan ɗaya cikin ciki 2,000. Iri biyu ne. Wani yana girma yana fuskantar cikin mahaifa, wani yana tona waje wajen mafitsara. Na biyun ya fi saurin fasa mahaifa. Ki tambaye su wanne ne naki.

Wanda aka bari, musamman mai bugun zuciya, akwai waɗanda suke kaiwa a haifi yaron da rai, ba zan ɓoye miki ba. Amma da yawansu mabiyiya takan manne ta ci naman mahaifa, wani sa'in har ta shiga mafitsara, sai a ciro yaro tun wajen sati 34 zuwa 35 a cire mahaifar gaba ɗaya, da ƙarin jini mai yawa. Wasu kuma ba sa kaiwa nan, mahaifar ke fashewa a wata na uku ko na huɗu, cikin dare, a gida. Ke da kike Rigasa ki lissafa minti nawa za ki yi kafin ki isa inda ake da jini da likitan aiki a farke ƙarfe biyun dare, a damina. Wanda akan iya zuba wa ido a jira shi ne wanda zuciya ta riga ta tsaya kuma lamba tana sauka da kanta, shi ma da sa ido sosai. Naki ba shi ba ne.

To, hanyoyin da ba yanka.

Allurar ɗuwawu da Ummu Khalil ta ba da labari, duk abin da ta faɗa haka yake. Maganin yana hana ƙwayoyin da ke saurin rabuwa amfani da sinadarin folik, shi ya sa ake ba masu ciwon daji da masu wani irin ciwon gaɓoɓi. A cikin da ya zauna a bututun ƙwai yana aiki sosai in an kama da wuri. A tabo kuwa ba ya kai haka, domin tabo ba shi da wadatar hanyoyin jini da za su kai maganin wurin. Ƙungiyar likitocin masu ciki mai haɗari ta Amurka ta fitar da shawara a 2020 cewa kada a dogara da allurar jiki ita kaɗai a irin wannan ciki. Abin da suka fi yarda da shi cikin hanyoyin magani shi ne a kai maganin cikin jakar cikin kanta. Ana bi ta ƙasa da doguwar allura siririya, ana kallo a na'urar hoto, a zuba methotrexate ɗin a ciki, wani lokacin da sinadarin potassium chloride don tsayar da bugun, sau da yawa kuma a haɗa da ta ɗuwawun. Ba a yanka ko'ina, akan ba ki abin kashe zafi ko ɗan barci. Da bugun zuciya da lamba 14,200, in za a bi hanyar allura, wannan ce zan so ki tambaya ko suna da wanda ya iya. Ki tambaye shi kai tsaye sau nawa ya taɓa yi. Ba rashin kunya ba ne, jikinki ne.

Akwai ta balan-balan. Wata roba ce mai kai biyu da muke amfani da ita wajen buɗe bakin mahaifa in za a tayar da naƙuda. Wasu likitoci a Amurka suka nuna a 2016 cewa in aka hura na sama a cikin mahaifa ya riƙe, aka hura na ƙasa daidai jakar, yana danne ta har bugun ya tsaya, kuma dannewar tana tare jini. Kwana ɗaya zuwa uku ake barinta. Ta fi dacewa da ƙaramin ciki, sati 6 zuwa 8, wato irin naki. Inda ba mai kai biyun, wasu kan yi dabara da robar fitsari, irin wadda aka sa wa Ummu Khalil.

Akwai toshe jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini. Ana shiga ta jijiyar matsematsi da siririyar roba a tura wasu ƙananan ƙwayoyi su toshe hanyar. Yawanci ba ita kaɗai ake yi ba, share fage ce kafin a zuƙe cikin ko a haɗa da magani. Tana buƙatar na'ura ta musamman da ƙwararren likitan hoto, ga tsada, ba kowane babban asibiti ke yi ba. A Sin kuma suna ƙona wurin da sautin na'ura mai ƙarfi daga waje, wannan labari ne kawai a gare mu.

Sannan ki sani kalmar aiki tana da faɗi. Ba lallai irin yankan da aka yi miki sau biyu ba ne. Akwai zuƙewa a hankali ana kallo a hoto, a sa balan-balan bayan an gama. Akwai shiga da kyamara ta bakin mahaifa, akwai ta ƙananan huji a ciki. Wanda ake yanke tabon a sake ɗinke shi yana da wani amfani da allura ba ta da shi, yana gyara kwarmin. Abin da ba a so sam shi ne kankara a makance, wato wankin cikin da yaron nan ya tura ki. Ki gode wa ƙanwar mijinki.

In kuka tsaya a kan allura, ga abin da nake gaya wa kowace mace, ki rubuta a bayan katinki. Ki daina shan folik asid da duk maganin ƙarin jini na awo da ke ɗauke da shi, yana karya allurar. Wannan mata da yawa ba a gaya musu, suna ta sha don sun ga suna zubar da jini. In likita da kansa ya ba ki wani mai kama da sunan, folinik asid, wannan daban ne, akwai tsarin allura da ake haɗawa da shi. Kada ki sha ibuprofen ko diclofenac ko asfirin, farasitamol kawai. Jiƙe-jiƙe da haɗin masu maganin gargajiya ki dakata da su, hantarki tana da aiki a gabanta. Ki rage shiga rana. Maigida ya yi haƙuri har sai likita ya ce. Mai shayarwa, mai gyambon ciki da ke tashi, mai ciwon hanta ko ƙoda, ba a yi musu. In jininki mai alamar negetif ne ki tuna musu da allurar anti-D, mai kare cikin da za ki ɗauka nan gaba. Kuma ba ɗaukar ciki aƙalla wata 3 saboda maganin yana lahanta jariri, likitanki ma zai iya cewa ki ƙara saboda tabon.

Jinin da ke jiƙa audugar mata biyu cikin awa ɗaya, ciwon mara mai tsanani, jiri, ciwo a kan kafaɗa, ko suma, ba a jiran gari ya waye.

Haihuwa kuma, mata da yawa suna sake haihuwa lafiya bayan wannan. Sai dai yana iya maimaituwa, don haka duk ranar da kika sake ganin layi biyu, hoto ta ƙasa a sati na 6 ko na 7, wurin wanda ya san abin da yake nema, kuma ki fara gaya masa an taɓa yi miki aiki kafin ya ɗora na'ura.

Kada shawarar ta wuce jibin da suka ce. Kowane sati da ya ƙaru, hanyoyin da ba yanka suna raguwa, bayan sati 9 abin yana ƙara wuya. In inda kike ba su da mai yin allurar cikin jaka, ki ce su rubuta miki takardar turawa. Ga asibitin Barau Dikko a nan cikin garin Kaduna, ga asibitin sojoji na 44, ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Kawo. Na yi tsawo, ku yafe ni, tsufa ne.

Abu Sumayya, Kinkinau

Ku gafarce ni na shigo zancen mata. Matata ce ta nuna min, ta ce in rubuta da kaina don maigidan Maman Hanifa ya gani.

Malam, mu ba mu yi sa'ar samun mai hana mu ba. Aka ce ɓari ne, muka je wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa aka fara wankin ciki. Ina zaune a waje ina danna waya, sai na ga nas ta fito da gudu ta wuce ni, ta dawo da wata, ba wadda ta kalle ni. Da aka buɗe ƙofa na hango bokiti a ƙasan gadon. Ba su da jini ko leda ɗaya. A bayan motar abokina muka ɗauke ta, ledar ruwa a hannuna na ɗaga ta ta taga. Leda biyar aka ƙara mata a babban asibiti, aka yi aikin gaggawa. An ceto mahaifar da kyar.

Abin da na koya, kowace hanya kuka zaɓa, maganar jini ce. Tun yau ka san rukunin jininta. Ka nemi mutum uku cikin 'yan uwa da abokai su je a gwada su, in asibitin suna karɓa a ajiye to su bayar tun yanzu. Ranar da abin ya faru na kira mutum sun fi goma, wani yana Abuja, wani ya ce bai ci abinci ba, wani wayarsa a kashe. Ka riƙe lambar mai mota a unguwa wanda zai ɗauka ko ƙarfe nawa ne. Ka ware kuɗin gwaji na wata uku, don gwajin nan na kowane sati shi ke cin aljihu a hankali, kuma in kuna da inshorar lafiya ta wurin aikinta ka je ofishin da kanka ka ji me suke biya.

Maganar Hajiya kuma, kada ka bar matarka ta yi wannan gardamar da mahaifiyarka, ba huruminta ba ne. Kai za ka je. Ni limamin masallacinmu na samu daga baya saboda abin ya tsaya min a rai, ya ce inda amintattun likitoci suka tabbatar ran uwa na cikin haɗari, larura ce, kuma ran da yake tabbatacce shi ake fara tsarewa. Ka ɗauki malamin da Hajiya take jin maganarsa, ku je tare da takardar hoton. In da hali ka shigar da ita wurin likitan ta ji da kunnenta.

Maman Hanifa, Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Kwana shida ban leƙo ba, ga yadda aka yi.

Abban Hanifa ya karanta duka, na Abu Sumayya sau biyu. Da asuba ya tafi gidan Hajiya shi da kawunsa. Ban san me suka ce mata ba, amma ita ta raka ni asibiti, ta zauna a gaban likita da carbinta, ta ce a nuna mata. Ya juya mata allon ya nuna mata mafitsara, ya nuna jakar, ya sa ɗan alƙalami a kan siririn layin da ke tsakaninsu. Ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ai ko fatar albasa ta fi shi kauri. Ba ta ƙara cewa komai ba sai da muka fito, ta ce in na warke za ta yi min sadaka.

Anti Sista, na yi tambayoyinki har likitan ya yi dariya ya ce wa ya turo ni. Ya ce nawa yana ɗan karkata ne wajen cikin mahaifa. Robar mai kai biyu ba su da ita. Allurar cikin jaka akwai babbansu da ya taɓa yi, bai ɓoye min ba ya ce ba sau da yawa ba ne, kuma sharaɗinsa sai an ajiye jini leda biyu kuma na sa hannu cewa in jini ya ɓalle za su yi aiki ba tare da sake tambayata ba. Na sa. Ƙannen maigida biyu suka bayar da jinin.

Ranar Alhamis aka yi. Ban ji zafi sosai ba, kamar ciwon mara na al'ada mai ƙarfi. Abin da ban shirya masa ba shi ne lokacin da ya ce bugun ya tsaya. Na san dalilin da ya kawo ni ke nan, amma na juya fuskata bango na yi kuka, nas ɗin ta riƙe min hannu ba ta ce komai ba. Aka yi min ta ɗuwawun ma, rawaya kamar yadda Ummu Khalil ta ce. Kwana biyu na yi aka sallame ni.

Ban koma Rigasa ba. Ina gidan yayata a Unguwar Shanu, likita ya ce in zauna kusa aƙalla sati uku. Shugabar makarantarmu ta ba ni hutu, wata malama ta karɓi ajina. Folik asid ɗin na ba yayata ta ɓoye don kada in sha da mantuwa. Jiya aka ɗebi jinin rana ta 4, ya hau zuwa 16,900. Da ban karanta labarinki ba Ummu Khalil da na haukace a wurin, sai na ninke takardar na sa a jaka na hau Napep. Jibi ne na rana ta 7.

Bakina ya fara yi min zafi ta gefen harshe tun daren jiya. Me kika riƙa kurkurewa da shi, ruwan gishiri ya isa ko sai na koma sun rubuta min wani abu? Sannan Hanifa ta riga ta gaya wa 'yan ajinsu za a yi mata ƙanwa, jiya a waya tana tambayata ko ƙanwar tana cin abinci. Na ce mata tana barci, na kashe wayar. Ke me kika ce wa Khalil?